Kwana biyar a Tokyo: me zan sayo, ina zan leƙa?

Wata Hajiya daga Kano ta rubuto cewa maigida zai je kwas Tokyo za ta bi shi, kwana biyar kawai, tana son tukunyar shinkafa ta lantarki da yadi da tsarabar yara, kuma wai ana tayawa a can?

Hajiya, maganar tukunyar nan ki saurare ni da kyau don a nan ake tafka asara. Wutar Japan bolt 100 ce, tamu 230, in kika ɗauko wadda aka yi don gidajensu kika jona a Kano to sai dai ki ji ƙauri, kuɗi sun tafi. Ki je Akihabara, unguwar masu sayar da kayan lantarki, manyan shaguna irin su Yodobashi Camera suna da ɓangaren kayan da aka yi don ƙasashen waje, ki ɗaga tukunyar ki juya gindinta ki ga an rubuta 220V ko 240V da idonki, in ba ki gani ba ki ajiye musu abarsu komai kyanta.

Yadi kuwa sai Nippori, layi ne guda mai shaguna wajen 90, kar ki sa ran atamfa ko shadda, auduga ce mai laushi da yadin kimono (rigar gargajiyar Japanawa) wanda zai yi kyau sosai a rigunan yara, da mita suke aunawa, kuma ki guji Lahadi don da yawa a rufe suke. Tsarabar yara ki shiga shagon Daiso, yawancin kaya yen 100 ne (yen shi ne kuɗin Japan), da haraji 110.

Tayi galibi babu, farashin da ke jikin kaya shi ne. Amma ki riƙe fasfo ɗinki a jaka, baƙo in ya yi sayayyar yen 5,000 ko fiye a shago ɗaya rana ɗaya ana yafe masa harajin kashi 10 a shagunan da suka manna alamar hakan.

Sai wani ɗalibi daga Zariya, shi tambayarsa ina zai ga gari ba tare da aljihu ya huje ba, kuma yaya sallah da abinci.

Malam, hasumiyar Tokyo Skytree tsayinta mita 634 ne, an buɗe ta 2012, amma hawa sai da tikiti. Ni dai shawarata ka tafi ginin gwamnatin birni a Shinjuku, hawa na 45, mita 202, kyauta ne, in gari ya yi garau har Dutsen Fuji za ka hango. Daga nan ka leƙa Ameyoko kusa da tashar Ueno, kasuwa ce ta gefen layin dogo, 'yan kifi na ta kiran masu saye, akwai masu kebab na halal.

Juma'a kar ta wuce ka a Tokyo Camii da ke Yoyogi-Uehara, masallaci ne ginin Turkawa da aka buɗe a 2000, ka sammako don cika yake. Abinci ne dai sai ka kula, romon ramen, wato taliyarsu mai romo, sau da yawa na alade ne, kuma suna zuba mirin a miya, giyar shinkafa ce. Ka ajiye alamomin nan biyu a wayarka, 豚 alade, 酒 giya, duk leda ko gwangwanin da ka ɗauka ka duba bayansa kafin ka kai wajen biya.