Tambaya da Amsa: Ina ƙyallin jiragen American Airlines ya tafi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, dan Allah na ga tsoffin hotunan jiragen American Airlines jikinsu ƙarfe zalla sai ƙyalli yake ba fenti, amma na yanzu ruwan toka ne. Wai me yasa suka canza? Kuma ita kalar jirgi ado ne kawai ko akwai dalili?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, gaskiya naji daɗin tambayar nan. Ai wancan ƙyallin da ka gani ba kala bace, alminiyam ɗin jikin jirgin ne ake gogewa har ya ɗau haske, sai a ja masa layi ja da fari da shuɗi irin na tutar Amurka. Tun shekarun 1930 kamfanin yake barin jiragensa ba fenti, kuma babban dalili shi ne nauyi, don fentin babban jirgi irin Boeing 747 kaɗai yana kai wajen kilo 250, toh kaga duk tashin da jirgin zai yi sai ya sha man ɗaukar wannan nauyin, yau da gobe kuwa kuɗi ne ba kaɗan ba. Sai dai abun ba kyauta bane, ƙarfen da ba fenti dole a riƙa goge shi akai akai in ba haka ba ya dushe ya fara cinyewa, kuma kuɗin masu gugar yakan lashe abinda aka rage na mai, shi yasa yawancin sauran kamfanoni basu bi sahunsu ba.

Abinda ya kawo ƙarshen ƙyallin shi ne sababbin jirage. Boeing 787 kusan rabin nauyinsa ba ƙarfe bane, wani haɗi ne na zaren kabon da roba mai ƙarfi, shi kuwa ko shekara za'a yi ana gogawa bazai yi ƙyalli ba, kuma dole ne a rufe shi da fenti saboda hasken rana yana lalata shi. To a watan Janairun 2013 sai kamfanin ya fito da sabuwar kala, ruwan toka mai ɗan sheƙi wanda zai riƙa tuna wa mutane da azurfar da, wutsiyar kuma aka zane ta da layukan tuta. Mutane da yawa basu so ba, har bayan haɗewarsu da wani kamfanin jiragen Amurka mai suna US Airways sai da aka ba ma'aikata dama suka kaɗa ƙuri'a akan wutsiyar, sabuwar ta ci. Ni dai har ga Allah tsohon yafi min kyau nesa ba kusa ba, amma injiniyoyin suna da gaskiya.

Batun ko ado ne kawai, a'a. In ka lura yawancin jirage farare ne, dalili kuwa fari yana mayar da zafin rana, kamar dai yadda farar riga tafi baƙa sauƙin sawa da tsakar rana, sannan in mai yana yoyo ko wani wuri ya tsage masu duba jirgi sun fi saurin gani akan fari, ga shi baya koɗewa da wuri kamar ja ko shuɗi. Akwai kuma maganar haya, jirage da yawa ba mallakar kamfanin da ke tashi dasu bane, hayarsu ake yi, in wa'adi ya cika farin jirgi sai a canza suna da wutsiya kawai a miƙa wa wani. Shi yasa wutsiya ce wurin nuna asali, Ethiopian da kore da ruwan ɗorawa da ja na tutar Habasha, Qantas na Ostireliya da dabbar ƙasarsu kangaru akan ja. Kuma mutane basa wasa da wurin nan, a 1997 British Airways suka cire kalar tutar ƙasarsu suka sa zane-zanen al'ummomin duniya daban daban, aka yi ta surutu a Birtaniya har tsohuwar firaministar ƙasar Margaret Thatcher ta rufe wutsiyar wani ɗan samfurin jirgin da hankici a gaban 'yan jarida, zuwa 2001 suka haƙura suka koma tuta.

Maganar zafi kuwa ba'a fi ganinta ba kamar akan Concorde, jirgin fasinjan nan mai gudun da ya wuce na sauti da aka daina tashi da shi a 2003, wanda tsabar gudu ke sa jikinsa ya ɗau zafi sosai, don haka farin fenti na musamman ake masa a lokacin. A 1996 aka yi wa ɗaya na Air France fentin shuɗi don tallan Pepsi, fuka-fukan dai aka barsu farare saboda a nan tankunan mai suke, kuma aka gindaya wa matuƙan sharaɗin kada su wuce kamar minti 20 suna cikakken gudunsa na ninki biyu na gudun sauti.