Amsa: Dodon fim ɗin nan, kwamfuta ce ko mutum?

Ɗan'uwa, ka ce kun yi gardama a fadarku ta hira ta unguwar Bukoki a Yamai kan dodon fim ɗin Alien na 1979, wai ko da kwamfuta aka ƙera shi. A'a, mutum ne cikin rigar roba. Sunansa Bolaji Badejo, haifaffen Legas, dogo siriri, tsawonsa ya haura mita 2.

Shi ya sa darakta Ridley Scott bai cika nuna dodon gaba ɗaya ba, sai kai, sai wutsiya, cikin duhu. Da an haska shi sosai da asiri ya tonu. Amma fa in a waya za ka kalla da rana tsaka, da hasken nan na Yamai, baƙi ƙirin kawai za ka gani. Ni dai sai bayan isha'i nake kunna shi, a talabijin.