Kurkur da zogale za su tayar da Baba?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Mahaifinmu ya faɗi a gona lokacin girbin gero, baki ya karkace, hannun dama ya saki. Sai washegari muka samu motar kai shi asibiti, aka ce shanyewar ɓarin jiki ce, jijiyar jini ce ta toshe a ƙwaƙwalwa. Ƙanena ya gani a waya wai kurkur da zogale suna kare ƙwayoyin ƙwaƙwalwa. Mu riƙa ba shi? Daga 'yarka a wani ƙauye kusa da Ringim.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yata. Allah Ya ba Baba lafiya.

Abin da ƙanenki ya gani yana da tushe. Idan jijiya ta toshe, ƙwayoyin da ke tsakiyar wurin sukan mutu cikin mintuna, amma na gefe suna nan a galabaice, kamar shukar da ruwa ya ɗauke wa, ta yi yaushi ba ta bushe ba. Su ne masana ke son cetowa. An gwada sinadarin kakumin na kurkur, da kwasetin da ke cikin albasa, da resberatirol na ɓawon inabi, aka ga suna rage kumburi da lalacewar ƙwayoyin. Sai dai a jikin ɓeraye aka ga yawancin wannan, kuma sinadari ne tatacce, a awo. Kurkur ɗin kasuwa kuwa, ɗan kaɗan ne hanji ke iya tsotsa daga kakumin ɗinsa. Wanda ya kai matsayin magani shi ne wani sinadari da aka fara samu a 'ya'yan seleri, wani ganye da ake ci, ƙasar Sin ta amince da shi a 2002, shi ma a hannun likita ake shan sa.

Abin da ya fi ci mini rai a wasiƙarki shi ne daren nan da Baba ya yi a gida. Allurar narkar da gudan jini tana aiki ne cikin awa 4 da rabi, bayan an yi hoton ƙwaƙwalwa an tabbatar ba fashewar jijiya ba ce. Na san halin hanya da na aljihu, ban ga laifinku ba. Amma ki gaya wa mutanen unguwarku: baki ya karkace, magana ta sarƙe, a nemi mota nan take, ko da tsakar dare ne.

Sannan don Allah kada a yi masa ɗura. Na taɓa karɓar wani dattijo da 'ya'yansa suka tallafe kansa suka ɗura masa jiƙo da ludayi. Maƙogwaronsa ba ya haɗiya, ruwan ya bi ta huhu. Ciwon huhun ne ya ɗauke shi, har yau ina tuna kukan babbar 'yarsa. Idan Baba yana ƙwarewa ko tari in ya sha ruwa, ku koma asibiti.

Zogale dai, a sa a miya, a yi kwaɗo. Wani bincike kan shanyewar ɓarin jiki mai suna SIREN da aka yi a Najeriya da Gana, wanda Kano ke ciki, ya nuna hawan jini ne kan gaba wajen jawo wannan ciwo, masu yawan cin ganye kuma sun fi tsira. A rage gishiri da ɗanɗano. Maganin hawan jini kada ya yanke ko da kwana ɗaya, a riƙa motsa masa hannun safe da yamma, a kai shi gashi. In an ba shi asfirin, kada a haɗa masa da garin kurkur mai yawa sai kin tambayi likitansa.