Yarona na son Pillars, ni kuma ina tsoron zafi

Tambaya: Anti, tun shigowar Maris ɗana mai shekara 9 ya addabe ni sai babansa ya kai shi kallon wasan ƙwallon ƙafa na Kano Pillars. Bazara ta kama, ga cunkoso. In bari? Uwar yara, Kano.

Amsa: 'Yar'uwa, ki bari, amma da shiri. Yawanci ƙarfe 4 na yamma ake take wasa a filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, lokacin rana ba ta gama yin sanyi ba. Su nemi wajen da ke da rumfa, a sa masa hula, ya sha ruwa sosai tun daga gida. Kafin busar tashi su fito, don a ƙofa ake turereniya.

Ranar da maigidana ya kai namu, yaron ya dawo murya a dushe saboda ihun "Sai Masu Gida!", har kwanon tuwo yake buga wa kiɗan magoya baya. Ban manta da fuskarsa ba.

Ƙannen yaronki kuwa, ki kai su Gidan Zoo da safe, kafin ƙarfe 11.