Katin 'yan jarida da shafukan magoya baya: amsa ga ƙanenmu da aka mayar daga ƙofa

Ƙanena, na karanta tambayarka har sau biyu. Ka ce shafinka na magoya baya ya haura mabiya 40,000, kana riga rediyo kawo labarin ƙwallon gida, amma da ka bi ƙungiya wasan waje ka nemi katin 'yan jarida sai aka ce kai ɗan kallo ne, ka je ka sayi tikiti. Kana so ka san ko wannan ba zalunci ba ne, kuma wa za ka kai wa ƙara. Ni ma an taɓa mayar da ni daga ƙofa, kuma na taɓa rataya katin a wuyana, don haka bari in faɗa maka abin da na gani.

Na buɗe nawa shafin a 2013, lokacin da Kano Pillars ke tsakiyar cin kofin gasar Najeriya sau uku a jere, 2012 da 2013 da 2014. Ranar wasa sai in rufe shago da wuri a Kwari, in tari adaidaita sahu zuwa Ƙofar Mata, in yi la'asar a bakin filin Sani Abacha, in shiga da 'yar wayata. Wani dattijon ɗan rediyo da ke karanta rubutuna shi ya tsaya mini har na samu kati. Ranar farko da na zauna a kujerun 'yan jarida, ana dab da tashi muka jefa ƙwallo a raga. Wallahi ban san lokacin da na miƙe ba. Na kurma ihun "Sai Masu Gida!", gwiwar hannuna ta make wayar dattijon nan, alhali yana kan layi yana ba da rahoto kai tsaye. Bai ce mini uffan ba sai da ya gama. Ya ɗauki wayarsa ya goge da bakin riga, ya nuna mini can inda masu ganga suke, ya ce, "Yaro, idan murna ka zo yi, ga wurinta can. Nan wurin aiki ne." Har yau in na tuna sai kunya ta kama ni.

Abin da ban gane ba a lokacin, wanda nake jin kai ma ba ka gane ba tukuna, shi ne katin nan ba ladar son ƙungiya ba ne, kuma ba a auna shi da yawan mabiya. Izini ne na shiga wuraren da aka killace: kujerun 'yan jarida, ɗakin da koci ke amsa tambayoyi, da bayan raga ga masu ɗaukar hoto. A gasarmu ƙungiyar da ke gida ita ke da alhakin tsaro da tsarin ranar wasa, kwamishinan wasa kuma yana zaune yana rubuta rahoto. Duk wanda ya tsallaka shinge yana wuyan mai gida. Idan mai kati ya zagi alƙalin wasa ko ya ruga cikin fili, ba shafinsa za a ci tara ba. Mu Kanawa mun san ɗacin a ce wasanmu na gida sai an ɗebi mota an tafi wani gari. To jami'in da ya hana ka, wataƙila wannan tsoron ne a ransa, ga shi bai san ka ba, kuma ba ka cikin jerin sunayen da ke hannunsa.

Wannan ne ma kuskuren da na yi a wani gari da ba zan kama suna ba. Na tafi da katina na gida ina taƙama, aka ce mini ba ya aiki a nan. Na yi ta masifa, har da kawo sashe na 39 na tsarin mulki. Wani ɗan sanda ya yi dariya ya ce sashen ya ba ni 'yancin in rubuta abin da na ga dama, amma bai ce a buɗe mini ƙofa kyauta ba. Gaskiyarsa. Sai dai ina tsaye a wurin na ga an shigar da samari uku da kati a wuya, babu mai ko biro a cikinsu, 'yan uwan wani ne kawai. Saboda haka kar wani ya ce mini tsarin tsaf yake. Akwai son kai a ciki, kuma da yawa.

Su ma manyanmu na gidajen jarida akwai inda ban yarda da su ba. Ƙungiyar marubuta wasanni ta ƙasa, SWAN, tun 1964 take, kuma tambayarta ta farko ita ce wace kafa kake wa aiki. Tambayar tana da ma'ana a zamanin da labari sai ta jarida ko rediyo. Yau fa? Yaron da ke zuwa atisaye da sassafe, ya san wa ya ji rauni, ya san wane ɗan wasa aka ɗauko daga ƙungiyar unguwa, ya fi wasu masu kati da ba a ganinsu sai ranar da ake rabon na goro. Amma idan suka tashi rama mana ba sa rasa abin faɗa: mu ne masu kwafe rahoton mutum mu cire sunansa, mu ne masu sayar da ɗan wasa a Facebook tun shi bai sani ba, kuma babu editan da za a kira in mun yi ƙarya. Rashin ɗa'a dai ba namu ne mu kaɗai ba. A gasar cin kofin Afirka da aka yi a Kodebuwa farkon 2024, sai da hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, CAF, ta tsaurara dokokinta saboda 'yan jarida masu kati da suka riƙa zagin 'yan wasa da rawa a wurin 'yan jarida.

Ƙara kam babu inda za ka kai ta ta yi maka amfani. Ga abin da ya yi mini aiki. Tun kafin a fara kaka, ba ranar wasa a bakin ƙofa ba, ka rubuta takarda zuwa ga jami'in yaɗa labaran ƙungiya, da sunanka na gaskiya da lambar wayarka. Ka yi wa shafin rajistar sunan kasuwanci a hukumar rajistar kamfanoni, CAC, domin takarda mai hatimi tana sa a saurare ka. Ka haɗa da rahotanni kamar goma da kai ka rubuta da hannunka, har da na ranar da aka ci mu, don a ga ba zagi ka iya kaɗai ba. Suna ɗaya ko biyu za ka nema wa, kar ka jero abokanka shida. Kujera za ka roƙa, bayan raga sai daga baya. In wasan waje ne, mai masaukin za ka rubuta wa da 'yan kwanaki, ka roƙi jami'in ƙungiyarku ya sa maka baki. Rigar ƙungiya ka bar ta a gida.

Sai batun bidiyo, wanda shi ke kashe yawancinmu. Hoton wasa kaya ne na sayarwa; a 2023 hukumar gasar ta ƙulla yarjejeniyar nuna wasanni da StarTimes. Ka ɗaga waya ka haska wasa kai tsaye a shafinka, ka shiga gonar da wani ya biya kuɗi, kuma ranar za a karɓe katin.

Akwai kuma abin da babu wanda ya gaya mini sai da na ɗanɗana. Wanda ya ba ka kati shi ke iya karɓewa. Shekarar da na fi samun shiga ita ce shekarar da rubutuna ya fi laushi. Kana gaisawa da koci kullum, ka sha ruwan da aka raba, ɗan wasa ya kira ka "yayana", to da wane baki za ka ce ya yi wasan banza? Mabiyana ne suka fara lura, wani ya rubuto mini cewa na zama kakakin ƙungiya. Ya yi mini zafi domin da ƙamshin gaskiya. Mutanen nan 40,000 ba don kati suka bi ka ba, sun bi ka ne don kana faɗin abin da suke faɗa a majalisa da gidan kallo. Ka auna wannan da kyau kafin ka sa hannu a kowace takarda.

Ni yanzu na raba ƙafa. Wasannin gida 19 ne a kaka. Waɗanda nake son yin hira a cikinsu ina shiga da kati, in zauna shiru da littafina. Ranar da jinina ya hau kuwa, irin ranar da Enyimba ta zo, tikiti nake saya in tafi wurin masu ganga in yi ihuna son raina. Idan ka rubuta takardar ka turo mini in duba maka kafin ka kai, bayan azahar ina shago.