Wata Shida a Jamus, Har Yanzu Taliya da Ƙwai Nake Ci

Assalamu alaikum Anti. Ni 'yar Katsina ce, ina koyon aikin jinya a wani gidan kula da tsofaffi a Hanover, wata shida ke nan. Tun da na zo ban yarda na ci abincinsu ba saboda tsoron naman alade. Daga taliya da ƙwai sai shinkafa, har na rame. Idan an tashi hutun rana ni kaɗai nake zama, abokan aiki sun gaji da tayi sun daina. Kayan shagon 'yan Afirka kuma sun fi ƙarfin albashina. Mama ta ce za ta aiko mini da kilishi da man shanu ta hannun wani mai zuwa. Ya zan yi?

Wa alaikumus salam ƙanwata. Bari in fara da saƙon Mama, don shi ne mai gaggawa. Ki kira ta ki ce ta dakata. Dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shigo da nama ko madara da duk abin da aka yi da su daga ƙasashe irin namu, ko a jaka ko ta gidan waya, komai ƙanƙantarsa. Kilishi, dambun nama da man shanu duk suna ciki. Jami'an kwastan, waɗanda ake kira Zoll, za su ƙwace, kuma suna iya cin tarar wanda ya ɗauko. Bai kamata bawan Allah ya shiga matsala a filin jirgi saboda ya yi muku alheri ba. Busasshen kifi an yarda da shi har kilo 20. In dai Mama tana son ki ji ɗanɗanon gida, garin kuka da yaji da daddawa sun fi sauƙi, a ɗaure su da kyau, mai kawowa kuma ya nuna wa jami'ai idan an tambaye shi.

Tsoron da kike ji yana da tushe, ba zan ce miki ki watsar ba. Jamusawa sun fi cin alade a kan kowane nama, kuma yana ɓuya a inda ba ki zata ba. Amma maganinsa karatu, ba yunwa ba. Duk abin da aka kulle a leda ko gwangwani yana da jerin kayan haɗi a ƙarƙashin kalmar Zutaten. Ki haddace waɗannan: Schwein alade ne, Speck da Schinken namansa ne, Schmalz kitsensa ne. Niƙaƙƙen naman da aka rubuta wa gemischt haɗin naman shanu da na alade ne. Tsiran kaza ma a duba shi, domin wani lokaci akan ƙara masa kitsen alade. Gelatine tana cikin alawa mai danƙo da wasu kek masu kirim, kuma yawanci ba a faɗin daga wace dabba ta fito, don haka ki bar ta sai kin ga shaidar halal. Shahararren kek ɗinsu mai sunan yankin Schwarzwald da barasar 'ya'yan itace ake yin sa. Idan kina sauri, ki nemi tambarin nan mai ruwan ɗorawa da koren harafin V, wanda ke nuna babu nama a ciki. Batun yankan manyan kantuna kuwa malamai sun yi saɓani, ki tambayi malamin da kika natsu da shi. Kafin nan, mahautan Turkawa da Larabawa suna nan jingim a unguwar Steintor, kusa da tsakiyar gari.

Da kin iya wannan, za ki ga abin da ya halatta miki ya ninka wanda aka hana. Fara da burodi. Ƙasar nan tana da ire-irensa sama da 3,000 a rajista, kuma cin daren mutane da yawa shi ne burodi da cuku da tumatir, abin da suke kira Abendbrot. Baƙin burodin wani hatsi da ake kira rye zai yi miki tsami da nauyi a karon farko. Ki gasa shi, ki shafa bota, ki ba shi mako guda. Yana riƙe ciki fiye da farin burodi, kuma mai tsayuwar awa takwas a kan tsofaffi tana bukatar abin da zai riƙe ta. Sai dankalin turawa, wanda shi ne tuwonsu. Dafaffe da Quark, wani kindirmo mai kauri da ake zuba wa ganye, abinci ne mai araha da ƙoshi. Akwai kuma wainar dankali da ake ci da markaɗen tuffa. Kina arewacin ƙasar, saboda haka kifi a wadace yake, ki gwada Fischbrötchen, wato kifi a cikin ɗan burodi.

Abin da na fi so ki lura da shi shi ne suna cin abinci da lokacinsa. Daga watan Afrilu za ki ga rumfuna a bakin hanya ana sayar da Spargel, wani farin tsiro mai laushi, kuma ranar 24 ga Yuni ake rufe kakarsa. Garuruwan Nienburg da Burgdorf da ke kusa da ke sun yi suna wajen nomansa. Da naman alade aka saba cin sa, amma ki ce a ba ki da dankali da bota, ko da kifi, ba wanda zai yi mamaki. Da sanyi ya kama sai a koma Grünkohl, ganye mai kauri. Wanda aka dafa a gidan abinci kusan kullum da tsiran alade ne, ki ƙyale shi. Ki sayi ɗanyen, ki yanka ƙanana, ki yi miyar ganye da gyaɗa da naman rago.

Tuwo ma ba sai kin je shagon 'yan Afirka ba. Shinkafar Milchreis, mai gajeren ƙwaya, tana tuƙuwa sosai, kuma tana kowane reshen manyan kantunan Aldi da Lidl. Gero ana sayar da shi da sunan Hirse, ki haɗa da Buttermilch, wani nono mai tsami, ki dama. Kuɓewa tana wurin Turkawa, tsamiya tana shagunan 'yan Asiya. Ki dai tuna kantuna ba sa buɗewa ranar Lahadi, cefane sai Asabar.

Yanzu ga abin da ya fi damuna a wasiƙarki: zaman kaɗaicin nan na hutun rana. Karatunki shekara uku ne, kuma mutanen da kika bari a wancan teburin su ne za su nuna miki aiki, su yi musayar ranar aiki da ke lokacin azumi da Sallah, su faɗi halinki idan shugaba ya tambaya. Jamusancin da za a nema a wurinki ranar jarrabawa da ranar neman takardar zama ta dindindin, a irin wannan hirar yake gogewa. Su ba su san dalilinki ba, suna iya ɗauka gudunsu kike yi. Ki faɗa musu sau ɗaya a sarari cewa ba kya cin alade, ba kya shan barasa. Sun saba jin haka, domin Musulmi sun haura miliyan 5 a ƙasar. Ki ɗauki kwanonki ki zauna cikinsu ko da abincin gida ne a ciki. Akwai al'adar da suke kira Einstand, inda sabon ma'aikaci ke kawo wa abokan aiki ɗan abin taɓawa, haka nan mai ranar haihuwa shi ke kawo kek. Naki bai wuce ba. Ki soya cincin, ki dafa zoɓo da citta, ki rage yaji, ki rubuta a takarda idan akwai gyaɗa a ciki saboda masu rashin lafiyarta.

Ramar da kika ambata kuma kada ki yi wasa da ita. Ki nemi ganin likitan unguwa, inshorar lafiyarki ta ɗauki wannan, ki gaya masa abin da kike ci tsawon watannin nan, a duba jininki. Idan kun yi waya da Mama ki nuna mata tukunyar miyar ganyen, domin abin da ya sa ta ɗaura niyyar kilishi shi ne ganin fuskarki ta faɗa. Allah ya ba ki sa'ar karatu, ki rubuto mini bayan wata ɗaya in ji inda aka kwana.