Kaji da lambu a fili ɗaya: amsa ga mai son farawa da hamsin

'Yar'uwa, sannu da ƙoƙari. Kin ce akwai ɗan fili a gonarku ta gida, kina so ki zuba kaji masu ƙwai kamar hamsin, ki yi lambu a gefe, kuma kin ji ana cewa in an sake su cikin lambu za su cinye ƙwari su bar wa mutum taki. Na kai shekara goma sha ɗaya ina haɗa biyun nan, ni da maigidana da yara, don haka bari in gaya miki abin da na gani da idona.

Maganar sakinsu cikin lambu, kada ki soma. Ni ma da wannan zancen aka ɗauke ni a shekarar farko. Na yi dashen latas da tumatir, sun kama, sun yi shar, na buɗe wa kaji tara ƙofa bayan azahar na shiga ɗaki. Kafin la'asar babu fangali ɗaya da ya tsira. Kaza ba ta san wannan ƙwaro ne wancan shuka ba, tono take yi da ƙafa, ta tumɓuke saiwa, ta tsattsage ganye, in ta gaji ta haƙa rami a inda ƙasa ta fi laushi ta yi birgima. Gaskiya ne kaji da lambu suna ciyar da juna, amma sai da shinge a tsakani, ke ce kuma za ki riƙa ɗaukar abin wannan ki kai wa wancan. Lokaci ɗaya nake barinsu su shiga: bayan na kwashe amfani, kafin sabon shuki. A nan tonon nasu aiki ne. Cikin mako biyu sun cinye 'ya'yan ciyawa da tsutsotsin da ke ɓoye, sun barbaza ƙasa. Abin da muka yi daga baya shi ne muka raba filin gida biyu da raga, akurki a tsakiya mai ƙofa biyu. Kaji na wannan ɓangare, shuka na wancan, in an gama girbi a yi musaya.

Sai batun hamsin. Yi lissafin nan tukuna. Kaza mai ƙwai tana cin giram 110 zuwa 120 a rana. Hamsin ke nan kilo shida kullum, buhu mai kilo 25 ba zai wuce kwana huɗu ba. In kuma 'yan tsaki kika saya, za ki yi ta ciyarwa mako 18 zuwa 20 ba ki ga ƙwai ko ɗaya ba. Ni shawarata ki fara da goma sha biyu. Ɗaki mai mita biyu tsawo, mita biyu faɗi ya ishe su, da gurbin yin ƙwai uku, da sanda da za su hau su kwana. In irin na gidan gona ne kamar Isa Brown, kuma suna cikin ganiyarsu, za ki riƙa tsintar tara ko goma a rana, ya ishi gida har a sayar. Kuskuren da za ki yi da goma sha biyu, za ki yi kuka ki share hawaye. Da hamsin kuwa, jarin ne ya tafi.

Kajin gida sun fi juriya kuma suna kwanci su ƙyanƙyashe da kansu, amma da wuya ɗaya ta wuce ƙwai 40 zuwa 60 a shekara, alhali ta gidan gona tana kusantar 300 a shekararta ta farko. Ki san wanda kike so. Af, ba ki buƙatar zakara don kaza ta yi ƙwai. Amfaninsa sai in kina son 'yan tsaki.

Yanzu ga inda mutane suka fi ruɗuwa, wato abinci. Ana ɗauka tunda akwai lambu, ganye da dusa da ragowar kwano za su riƙe kaza. Za su riƙe ranta, ba za su riƙe ƙwai ba. Tana buƙatar furotin kamar kashi 16 zuwa 18 cikin ɗari na abincinta, da kalsiyam kusan giram huɗu a rana, domin ɓawon ƙwai guda yana cin wajen giram biyu. In ba ta samu ba, daga ƙashin jikinta take zara, sai ki ga ɓawo ya yi laushi, wata ma ta kasa tsayuwa. Ki sayi abincin masu ƙwai da aka haɗa, shi ne tushe. Ganyen lambu ƙari ne: kunnuwan kabeji na waje, alayyafon da ya tsufa, ciyawar da kika cire, ki ɗaure su ki rataya su riƙa tsalle suna figa. Yana hana su tsattsagar juna, kuma shi ke sa kwanduwa ta yi launi mai kyau. Ɓawon ƙwan da kuka ci ki shanya, ki daka sosai, ki mayar musu. Kada ki jefa shi yadda yake, in suka gane kamanninsa za su koyi fasa ƙwai, kuma wadda ta koya ba ta dainawa. Abin da ya yi fumfuna kuwa, ko hatsi ko me, bola za shi.

Ruwa ma kada ki raina. Kusan kashi uku cikin huɗu na ƙwai ruwa ne. Wuni ɗaya mazubi ya bushe, sai ki yi kwanaki kina ganin ƙwai ya ragu. Kaza ba ta gumi, haki take yi, kuma yawan hakin nan a lokacin zafi yana sa ɓawo ya yi siriri. Inuwa, iska mai ratsa ɗaki, ruwa mai sanyi, a ba su abinci da sassafe da yamma lis. Haske kuma awa 14 zuwa 16 suke so, shi ya sa in rana ta gajarta ɗan ƙwan lantarki da asuba yake taimakawa.

Taki shi ne abin da na fi so ki saurara, don ni a wurina ribar kaji rabi a nan take. Kashin kaji ɗanye yana da zafi. Naitrojin ya yi masa yawa, ga gishiri, ga ƙwayoyin cuta irin su salmonela. Shekarata ta biyu na kwaso shi daga akurki kai tsaye na zuba a gindin tumatir, ina ganin gata na yi musu. Kwana uku ganye ya ƙone daga gefe kamar an gifta da wuta. Tun daga nan ga yadda nake yi. Ina shimfiɗa dusar katako ko ɓuntun shinkafa a ƙasan ɗakin, kauri kamar tsawon yatsa ko ya fi, kashi yana faɗawa a kai, ina juyawa da manjagara sau biyu a mako, in ya fara danshi in ƙara sabo. Hancinki ne ma'auni: in kika durƙusa daidai tsayin kaza kika ji wari yana yaji a ido, to su sun daɗe suna shaƙa, kuma daga nan mura ke farawa. Bayan wata uku ko huɗu in kwashe duka, in yi tsibi a inuwa, in haɗa da busasshen ganye da karan da ya rage a lambu, in yayyafa ruwa ya jiƙa ba ya ɗiga ba. Kwana kaɗan cikinsa zai ɗau zafi har ki ga tururi da safe. Juyawa duk mako biyu. Idan ya yi baƙi, ya daina zafi, yana ƙamshin ƙasa, ya nuna. In dole sai kin zuba wanda bai ruɓe ba, ki binne shi kwana 120 kafin cire abin da ke taɓa ƙasa ko ake ci ɗanye, kamar karas da latas, ko kwana 90 ga abin da ke sama. Ƙasarmu da muka tarar tana da tauri kamar daɓe, yanzu da hannu nake tona ta.

Cuta kuwa, rigakafi. Cutar kajin nan da ake kira Niyukasil ba ta da magani in ta shigo, kuma tana iya share akurki cikin mako. Ki nemi likitan dabbobi ya rubuta miki jadawalin rigakafi, har da na cutar Gumboro in ƙanana ne. Na taɓa sayen sagarai huɗu a hannun wani, ga su kyawawa, na zuba su cikin nawa a daren. Kaji bakwai na binne. Yanzu duk baƙuwar kaza sai ta yi mako uku ita kaɗai, nesa da sauran. In kuma kin ba su magani, ki karanta takardar, akwai kwanakin da ba a cin ƙwan.

Ki toshe duk wata kafa da ɓera ko maciji zai bi, ki rufe su kafin magariba, ki sa raga a sama saboda shaho. Sau ɗaya a shekara za su zubar da gashi su daina ƙwai wajen wata biyu, kada hankalinki ya tashi, ba ciwo ba ne. Ƙwai kuma kada ki wanke sai za a yi amfani da shi, akwai wani ɗan rufi a jikinsa da ke tare ƙwayoyin cuta, ki jera shi tsinin yana ƙasa.

Ki auna mini tsawo da faɗin filin, ki gaya mini ta ina rana ke faɗo masa da kuma nisansa da ruwa, sai in nuna miki inda zan kafa akurkin da a ce nawa ne.